Ƙarfe Nawa Yake Zuwa Ɗakina?

A gidanmu, idan mutum ya wuce ka bai gaishe ka ba, to gaba yake yi da kai. Da haka aka rene mu a Zariya, mu masu zuwa coci da maƙwabtanmu masu zuwa masallaci. Kullum da safe sai mun zaga ɗaki ɗaki kafin a ba mu koko: Baba, Inna, Gwaggo a ɗakinta na kusa da rijiya, sannan Kawu.

Ni na fara zuwa Faransa, ina aikin jinya a Paris. Ƙanena ya biyo ni, ya yi karatun injiniya a Villeurbanne, ya gama lafiya ƙalau, sai ya shiga gidan 'yan zuhudu a wani ƙauye gaba da Lyon. Maza ne zalla, ba aure, ba waya, ba hira. Sau bakwai suke addu'a a rana, a tsakani su yi cuku. Wasiƙa yake aikowa da Kirsimeti da Ista. Inna ta ce takarda ba ta iya durƙusawa, saboda haka ba gaisuwa ba ce. Ta kafa doka: tunda ya daina gaishe mu, kada wanda ya ƙara kai masa labarin gida. Na bi dokar shekara uku, kuma ba dole aka yi mini ba. Haushinsa nake ji.

Wata rana Inna ta kira ni. Bayan mun gama gaisawa ta ce, "Ki je ki gano mini ko har yanzu ina da ɗa."

Ba a zuwa hannu rabbana, sai na biya unguwar Château Rouge wajen wani Badamagare mai kilishi. Na gaya masa wanda zan kai wa.

"Halwa ya shiga ke nan?"

"Shekara uku."

"To, Allah shi karɓa. Bari in ƙara mishi yaji, voilà, shi ke nan."

Wani tsohon ɗan zuhudu ne ya karɓe ni a masaukin baƙi. Ya duba kilishin, ya yaba kyansa, sannan ya ce ba sa cin nama. Ni na cinye shi a kwana uku.

Da rana na hango ƙanena a hanyar coci, sanye da farar riga har ƙasa, yana tura amalanken madara. Ya rame, sun aske masa kai. Na ɗaga murya, "Sannu da aiki! Ina wuni? Ina gajiya?" Ya tsaya, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Na bi shi da "Yaya sanyi?" Sanyin ma bai samu amsa ba. Ni da na goya shi, na wanke masa kashi! Raina ya ɓaci sosai.

Na shiga coci na zauna don ba ni da wurin zuwa. 'Yan zuhudun suna rera Zabura a hankali, kuma a tsakiyar kowace aya sai su yi shiru. Da fari na ɗauka mantuwa suka yi, har na so in tuna musu. Daga baya na lura tare suke tsayawa, tare suke tashi, ba mai duban wani.

Washegari aka ba mu awa ɗaya a ɗakin ganin baƙi. Yana shigowa ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ni tiryan-tiryan, har da ban gajiyar hanya.

Na ce, "Jiya bakinka ciwo yake?"

"Lokacin shiru ne, Yaya. Ba don a guje wa mutum ake yi ba. Idan baki ya huta, kunne yana ji."

"Inna ta ce ka daina gaishe ta."

Ya yi murmushi. Ya ce bayan addu'ar asuba akan ba su rabin awa, kowa ya zauna shi kaɗai a gaban Allah. Wasu Littafi suke karantawa. Shi kuwa gida yake zuwa. Yakan shiga ta zaure, ya zaga ɗaki ɗaki yadda muka saba, ya gaida kowa, ya miƙa shi ga Allah, sannan ya wuce na gaba. Bai taɓa fashi ba.

"A ɗakin Gwaggo na fi daɗewa," ya ce, "saboda ƙafar nan tata. Ta samu sauƙi?"

Gwaggo ta rasu shekara biyu da suka wuce. A ɗakinta ya kwana har ya shiga sakandare. Ni ce mai adireshinsa, ni ce kuma ban rubuta ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na gaya masa.

Sai ya ce, "Ashe shekara biyu ina tambayarta ƙafa." Ƙararrawa ta buga. Ya share ido da hannun riga, ya miƙe ya tafi addu'a, domin ƙararrawar ba ta jiran kowa.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Lyon na kira Inna. A karo na farko a rayuwarta ta tsallake gaisuwa.

"Ya gaishe ni?"

"Kullum yana gaishe ki, Inna, kafin koko. Mu ne ba ma amsawa."

Na ba ta labarin duka. Sai ta ce, "Ƙarfe nawa yake zuwa ɗakina?"

Na lissafa mata da agogon gida. Tun daga ranar, in ji Kawu, idan lokacin ya yi takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta ta zauna, kuma ba mai yi mata magana. Sai dai a ji ta a hankali tana cewa, "Lafiya lau."