Mai Tanda da 'Ya'yansa

Duk layin Manaja ake ce mata, har mijinta in yana jin tsokana. Ba wanda ya naɗa ta. Tana da shekara goma sha tara ciwon baya ya kwantar da mahaifinta wata biyu, ta karɓi makullan gidan burodin, daga nan ba su sake komawa aljihunsa ba. Yau shekara ashirin da shida ke nan.

Ta san wurin fiye da ɗakinta. Daga bakin ƙofa takan shaƙi iska ta ce yis ya yi yawa, a duba kwaɓin a tarar haka ne. Ta san kusurwar tandar da ke ƙona burodi, ta san direban da ke kai kaya da wanda ke kai kansa yawo. A hannunta na dama akwai tabon ƙuna uku. Ma'aikata goma sha huɗu ke cin abinci a ƙarƙashinta. Suna tsoron bakinta, amma ranar da matar wani ta kwanta asibiti ƙofarta ake fara bugawa.

A saman ƙofar shiga akwai shuɗin allo: Mai Tanda da 'Ya'yansa. Mai Tanda shi ne Baba. 'Ya'yan kuwa huɗu ne, ita da ƙannenta maza uku. Ita ke sa a sabunta fentin duk bayan shekara biyu, don a ganinta har da ita ake nufi.

Ƙannen, burodin nan ne ya yi musu makaranta, amma a cikinsu ba wanda ya taɓa ɗaga buhun fulawa. Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi, sai babbansu, wanda ake kira Injiniya, ya zo da labari. Wani babban kamfani na son sayen wurin, ya rushe tanda ya kafa injuna.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji ta.

"To, Yaya, a zauna a kaɗa ƙuri'a kamar yadda doka ta ce."

Dariya ta yi. Ga ta, ga Baba, ga Auta da ta goya a bayanta. Wa zai kayar da su?

Aka zauna a ɗan ofishinta, Baba a keken guragu kusa da taga. Lauya ya buɗe takardun rajistar kamfanin ya karanta sunayen masu hannun jari: Baba, Injiniya, mai bi masa, Auta. Ya rufe fayil.

"Ka tsallake ni," ta ce.

"Ranki ya daɗe, ba kya ciki."

Ya juyo mata da takardar. Da Turanci aka rubuta sunan kamfanin, kuma kalmar da aka sa a madadin 'ya'ya, maza kaɗai take nufi.

Nan take abin ya dawo mata. Shekara goma sha takwas da suka wuce, ita ce ta matsa wa Baba ya je ya yi rajistar, don manyan kantuna sun ƙi karɓar burodin da ba shi da takarda. Ran nan aiki ya yi yawa, ta ce ya je shi kaɗai. Ya dawo yana ba ta labari, wai akawun ofishin rajistar har tambayarsa ya yi maza nawa gare shi, sai ka ce mai neman sojoji. Ya ce uku, ya sa hannu inda aka nuna masa. Har da ita aka yi dariyar, tana goge fulawa a goshi.

"A gyara mana," ta ce. Muryarta ta ba ta haushi, don roƙo ta ji a ciki.

"Ana gyarawa, in masu jarin sun yarda su yanka miki daga nasu."

Injiniya ya shiga latsa waya. Mai bi masa ya ƙura wa kalanda ido. Auta ya ce, "Yaya, wallahi ba za mu manta da ke ba. Za a ba ki wani abu."

Wani abu! Yaron da ta wanke wa kashi ne ke mata alkawarin wani abu.

Lauya ya ce waɗanda suka yarda a sayar su ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi, na Auta a makare, amma ya tashi.

"Waɗanda ba su yarda ba?"

Ta ɗaga nata, mai tabon. Baba ya yi ta fama har ya ɗaga na hagu, hawaye na bin gemunsa. Lauya ya dubi hannayen biyu, ya sunkuyar da kai ya rubuta.

"Ɗaya," ya ce.

Ta je wurin wasu lauyoyi biyu, duk magana ɗaya. Ta so ta yi fushi da Baba, ta kasa; mutumin da yanzu ita ke ba shi ruwa a baki, da me za ta yi masa fushi? Haka ta ci gaba da buɗe tanda kullum, don ba ta san wani abin yi ba.

Ranar miƙa makullai, ta ajiye su a teburin lauya ta fito. Ma'aikatan na tsaye cirko-cirko a ƙarƙashin allon. Tsohon mai kwaɓi, wanda ya riga ta fara aiki a gidan, ya matso yana murza hularsa.

"Manaja, gobe mu zo?"

Shekara ashirin da shida ba a taɓa yi mata tambaya a ƙofar nan ta rasa amsa ba. Ta ɗaga kai ta dubi fentin da ta sa aka sabunta bara.

"Ban sani ba," ta ce. "Ku tambayi 'ya'yansa."