Bakin Motar Elhaji Mainassara

Yayana Samba gyaran wutar mota yake yi a tashar Dakoro, ni kuma ina saida shinkafa da wake kusa da rumfarsa. Mutum ne marar surutu. Ni ce uwarmu ta bar wa baki.

Elhaji Mainassara mai maganin basur ne, yana bin kasuwanni da tsohuwar mota, lasifika biyu a samanta. Ya ƙara ampili mai ƙara wa lasifika ƙarfi, ya ƙara fitilu masu launi kamar motar amarya, duk ya rataya su kan wayar fitilun gaba. Da ya kunna lasifika sai fizibil, wato fis ɗin wuta, ya ƙone, fitilu su mutu. Samba ya gaya masa kaya sun fi ƙarfin wayar, a ja wa ampili tasa wayar daga batiri. Elhaji ya ce shi dai a sa masa babban fizibil. Samba ya ƙi, ya ce fizibil na ƙonewa ne don kada mota ta ƙone.

Shi ke nan laifin. La'anannen ya shiga kasuwar Sabon Maci da ta Ɗan Gulbi yana shela da lasifika cewa Samba ruɓaɓɓen fizibil yake sa wa mutane don su yi ta dawowa. Direbobi suka ɗauke ƙafa. Yayana ya wuni yana korar ƙuda, yara suna kwaikwayon shelar a ƙofar gidanmu. Wallahi na tsani mutumin nan, har yanzu ban huce ba.

Rana dubu ta ɓarawo. Elhaji ya naɗa takardar kwalin sigari a gurbin fizibil, wayoyi suka narke a hanyar Birnin Lalle, shanu suka jawo motar tana warin roba. Duk garin babu mai iya sake mata waya sai Samba. Da Elhaji ya kawo masa ita, na ce ya kore shi. Bai kula ni ba, ya duƙufa ya gyara komai, ya bar lasifika a kwance.

"Fitilu na gyara don kada ka kashe ɗan wani a hanya," in ji Samba. "Bakin motarka kuwa, sai ka koma duk kasuwar da ka ɓata ni ka janye maganar da naka bakin."

Elhaji ya zagaya masu gyara, amma wa zai taɓa motar da ta taɓa cin wuta? Ranar kasuwar Sabon Maci na rufe tukunyata na bi shi. Ya tsaya tsakanin masu awaki, gumi na zuba, murya duk ta dishe, yana cewa ƙarya ya yi wa Samba.

Na koma can bayan taro na ɗaga hannu.

"Elhaji, ƙara murya, mu nan baya ba mu ji ba."