Sabulun Kwana Biyar

Har gobe, in na ga mutum ya yanka sabulu yau, jibi ya naɗe shi cikin takarda mai fure ya miƙa wa jama'a, harshena ne yake fara yi mini zugi kafin zuciyata ta kama. Ƴaƴana suna cewa ina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. To ai su ba su taɓa yin kwana tara suna shan kunu ta gefen baki ba.

Shekarun farko ne bayan an ba mu mulkin kai. Ina saurayi, na baro Maraɗi na samu aiki a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Yamai, ina buga mashin ɗin rubutu da yatsa biyu, ina tafiya kamar ni na kori Faransa da hannuna. Na sauka gidan Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riga ni zuwa garin da shekaru masu yawa. Sana'arta sabulun salo. Daga Tondibiya ake kawo mata karan gero, ta ƙona, ta tace tokar, ta dafa ruwan da man gyaɗa da ɗan kitse, tana tuƙawa da wata muciya da ta kusa kai ni tsawo. Tana da ɗan tebur a kasuwar Petit Marché, kusa da masu kayan yaji. Manyan masu sayenta kuwa masu wankin bakin kogi ne, waɗanda hannunsu ke cikin kumfa daga hantsi har la'asar. Babbansu wani dattijo ne Bazabarme, mai tafin hannu kamar faifai. In ya zo ba ya shinshinawa, ba ya latsawa, ba ya tambaya. Sai ya ce, "Tsohuwa, ba ni," ya ɗauka ya wuce. Wannan yardar ita ce duk abin da Gwaggo ta mallaka, ban da muciya.

Tana da wata al'ada da nake yi wa dariya. Duk tuƙin da ta gama, kafin ya fita daga gidan, sai ta ɗan taɓa sabulun da kan harshenta. In ya cije ta, bai nuna ba, ya koma inuwa. In ɗaci kawai ta ji, ya tafi kasuwa. Nakan ce, "Gwaggo, in yunwa ce ki faɗa, in saya miki masa." Takan ce, "Bakinka zai ja maka."

A biro ɗinmu akwai wani abokin aikina da aka aika Faransa koyon aiki na wata uku, ya dawo yana tambayar yadda ake cin tuwo. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ke neman takalmi, shi yana shaƙe da karabat, ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya. Wata rana ya fito da takarda da ya yago daga wata mujallar matan Turawa, an rubuta yadda ake yin sabulu da buji mai ƙamshi a gida. Daga nan na sa masa Mai-takarda. Ya ce, "Abokina, ƙasa ta samu ƴanci. Ba za mu ci gaba da wanka da abin da ya yi kama da kashin saniya ba." Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Ban tsaya nan ba, na kai shi gidan Gwaggo, tunda can ne akwai murhu da fili.

Da buji muka fara, wato kyandir. Ya narkar da kitsen shanu zalla a kan gangar wuta, ya juye kwalbar turare a ciki yana tafasa. Ƙamshin ya tashi gaba ɗaya ya tafi unguwar Gamkale, ya bar mu da warin mahauta. Da la'asar bujin nan duk sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki, abin da ya rage ɓeraye suka yi walima da shi. Ku masu sha'awar abin, ku saurara. A garin zafi kitse kaɗai ba ya tsayuwa, sai an haɗa shi da kakin zuma. Ba a ɗora shi a kan wuta kai tsaye, kwanon ake sakawa cikin tukunyar ruwan zafi. Turare sai an sauke, ya ɗan huce. Lagwani kuma zaren auduga ne murɗaɗɗe, a tsoma shi cikin kakin ya sandare kafin a kafa shi a tsakiya. Duk wannan daga baya na koya. A ranar abin da ya kamata in koya shi ne in raka mutumin nan bakin ƙofa, ban kuwa koya ba.

Lahadi mai zuwa muka shiga sabulu. Ya sayo soda a butik, ya zuba a tukunyar alminiyon ɗin Gwaggo, ya kwarara ruwa a kai. Tukunya ta yi gurnani, ta yi tofi, kajin gidan suka haura katanga suka nemi mafaka a maƙwabta. Kafin mu farga cikinta ya yi baƙi, gindinta ya fara tsiyaya.

Gwaggo ta fito daga ɗaki ta dubi tukunyar, ta dube mu.

"Wa ya ce ku zuba ruwa bisa kanta?"

Mai-takarda ya ce, "Madam, takardar ba ta faɗi wanda ke fara shiga ba."

"Ni ba madam ba ce, gwaggon wanga sakarai ce. Toka da soda uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai soda ba ta da kunya. Ita ake barbaɗawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, fuska a kauce. Kuma ba ta zama da alminiyon. Matsa."

Maimakon ta kore mu, sai ta tausaya. Ta ɗauko babban daronta na langa wanda bai ɓare ba, ta sa muka wanke kitsen da ruwan gishiri muka tace. Ta sa muka jira ruwan sodar ya huce, man ma ya huce, har hannu ya iya jimre wa gefen kwano. Sannan ta ba ni muciya. Na tuƙa ta gefe ɗaya har na ji kafaɗata ta koma gidan ubana ta bar ni. Sai da ya yi kauri kamar kunun kanwa, in ka ɗiga a kai sawun ya tsaya, sannan ta yarda a sa turare. Muka juye a akwatin katako, muka rufe da buhu. Da ya kama jikinsa muka yanka. Fari tas, ga ƙamshi. Ni kaina sai da na ji hawaye.

Gwaggo ta ce, "Ku jera shi a inuwa, inda iska ke wucewa, kuna juyawa. Kwana arba'in, kamar mai jego. Sannan ku lasa."

Mai-takarda ya gyara karabat. "Ilimin zamani ba ya lasa."

"To shi ilimin zamani da wane baki yake cin abinci?"

Ranar kwana na biyar Mai-takarda ya ce da shef ɗinmu, shugaban biro, kansa na ciwo. Gwaggo ta tafi suna. Ya shiga gidan mutane kamar gidan ubansa, ya kwashi rabin sabulun, ya naɗe a takarda mai fure, ya gangara bakin kogi ya rarraba wa masu wanki kyauta don su gwada. Da suka yi jinkirin karɓa, ya san abin da zai ce musu. Ya ce sabon sabulun tsohuwa ne, daga gidanta ya fito. A nan ne fushina yake, kuma bai huce ba har yau. Da sunansa ya bayar, da babu wanda zai ko wanke jaki da shi. Sunan da mace ta yi shekara da shekaru tana tuƙawa a gaban wuta, shi ya ɗauka ya naɗe ɗanyen sabulu da shi.

Kwana uku teburin Gwaggo ba mai tsayawa, ba ta san dalili ba. Ni na ga sabulu ya ragu, na tambayi Mai-takarda, ya ce ya kai wa manya su gani, ban kuwa faɗa wa Gwaggo ba. Rana ta huɗu dattijon nan ya zo. Bai yi gaisuwa ba. Ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan teburin. Fata ta saɓule, tsakanin yatsu ya tsage, ga ja. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Tsohuwa, ni mi na yi miki?"

Da na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a tsakar gida, murhu ba wuta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Mutum tara ba su aiki. Gobe da kai da abokinka za ku raka ni bakin kogi."

Na je na same shi. Ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ba zai tsaya gaban masu wanki ana yi masa shari'a ba. Ya ce takardar ba ta yi kuskure ba, hannunsu ne bai waye ba. Na so in shaƙe shi, sai na ga karabat ta riga ni.

Da safe muka gangara ni da Gwaggo, ina ɗauke da sabulu iri biyu a faifai. Masu wanki suka taru, da mata masu ɗiban ruwa, da duk wanda ba shi da aikin yi a Yamai. Ta ɗauki baƙin nata ta taɓa da harshe, ta ajiye. Sannan ta nuna farin. "Wanga a gidana aka yi shi, da darona, ba zan ce ban sani ba. Amma ban lasa ba, ban kuma aiko ba. Ga ɗana, shi ya kawo mai shi gidan. Yau zai lasa."

Kan harshe kawai take nufi, ɗan taɓawa. Ni kuwa na ga ƴan mata na kallo. Na ce a raina bari in nuna musu abin ba komai ba ne. Na ja harshe tun daga wannan gefe har wancan, kamar alewa. Jama'a, na ga garin Maraɗi daga inda nake tsaye. Na ga kakana da ban taɓa gani ba. Na faɗa kogi da takalmina ina kurkure baki, aka ce har dorina ta ɗago kai ta duba. Harshen nan ya kumbura ya cika baki, kwana tara ban yi magana ba, kuma mutanen biro sun ce ba su taɓa samun hutu irin wannan ba.

Dariyar da aka yi mini ita ta dawo wa Gwaggo da masu sayenta. Kafin sati ya zagayo sun koma teburinta, suna tambayar lafiyar harshen ɗanta. Ragowar farin sabulun kuwa mun manta da shi a inuwa har wata biyu. Da ta taɓa shi da harshe, bai cije ta ba. Ya yi kyau, yana kumfa, ba ya cin hannu. Haƙurin kwana talatin da biyar kawai ya rage mana. Ta wanke tukwane da shi har ya ƙare, ko guda bai je kasuwa ba. Mai-takarda aka yi ta ƙara masa girma, har na ji shi a wani taron biki yana ba da labarin yadda ya kawo sabulun zamani ƙasar nan.

Dattijon shi kaɗai ne bai yi dariya ba a bakin kogi. Da hannunsa ya warke ya dawo shi ma, ya ci gaba da saye a wurinta har ƙarfinsa ya ƙare. Sai dai daga ranar bai ƙara cewa "Tsohuwa, ba ni" ya wuce ba. Sai ya ɗauki curin, ya juya shi, ya kankara da farce, ya kai bakinsa ya taɓa da harshe, a gabanta, a gaban masu yaji. Na sha tsayawa a wurin ina gani. Gwaggo takan kau da kai ta shiga gyara faifan da ba abin da ya same shi, har ya gama.