Garzali Mai Zane da Mutanen Bayan Hoto

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, 9 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Garzali Labaran mai zane, bayan gajeriyar jinya. Dole a yaba mana, mu mutanen Wudil: mun cika maƙabarta, har da masu rufe shago. Akwai mu da sanin darajar mutum, in dai ya kwanta dama. Daga nesa muke hango bijimi a Kara, kasuwar shanu, mu faɗi kuɗinsa, amma wannan bawan Allah ya ƙare rayuwarsa a cikinmu muna kiransa mai ɓata katako.

Garzali, aikinka bai yi kama da na kowa ba. A kawo maka hoton suna ko na biki, mai hoton ya sha babbar riga ya ƙame, yana so a ƙara masa haske da tumbi. Sai ka tsallake shi, ka zana a allon katako wadda ke can baya tana kwashe tuwo, ko tsohon da ya gifta da buta. Na taɓa ce maka, "Mutumina, ka bar mai biya, ka kama wadda ba ta san ana yi ba?" Ka ce, "Shi ai aron fuska ya yi. Ita ce ta zo da tata."

Iyayenmu mata ba su tsaya gaban mai ɗaukar hoto ba, kunya ta hana. Yahuza mai kifi, wanda ya fi kowa yi maka dariya, mahaifiyarsa ta rasu ba ta bar hoto ba. A gefen hoton bikin maƙwabta ka tsinto rabin fuskarta, ka cika sauran da abin da idonka ya riƙe. Da ya gani sai ya zauna a ƙasa. "Inna ce, wallahi. Har ɗaurin ɗankwalin." Ko sisi ba ka karɓa ba. Shi kuma bai ɗauka ba, kada a ce ya rataye hoto a ɗaki. "Ajiye min," in ji shi. Haka kowa ya ce, kai kuma ka yi ta ajiyewa.

Yanzu mai shagon da kake haya ya karɓi shagonsa. Allunan na jingine a tsakar gidan matarka Ikilima, ƙarƙashin rumfa mai yoyo. Malam Istifanus na jami'a ya nemi ya kai su inda za a adana, muka ce fuskar iyayenmu ba ta kallon baƙi ba ce. Mun hana, ba mu kuma ɗauka ba.

Allah Ya jiƙanka, Garzali, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba Ikilima da yara haƙuri da dangana.

Ga hadari can ya haɗo daga gabas. A cikinmu, wa zai je ya ɗauke uwarsa daga ruwa?