A Kira Malam

Shekarar dogon yajin aiki, da makarantu suka rufe a Sokode, ni da wani abokina muka buɗe ajin kwamfuta a shagon babana da ke Zongo. Tsofaffin injuna biyu gare mu, muna koya wa mutane rubuta furogiram.

Abin da ke korar mana ɗalibai shi ne kompilata, manhajar da ke duba abin da ka rubuta kafin inji ya yi aiki da shi. Ba ta da tarbiyya ko ta sisin kwabo. Ka manta ɗigo ɗaya, sai ta jefo maka lamba da guntun Turanci, ta kuma nuna layin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na ga dattijo da gemunsa yana gumi a gabanta kamar an kama shi da kazar maƙwabta.

Haushi ya sa na kwashe watanni ina tara saƙonninta. Na rubuta 'yar manhaja da ke tare kowanne, ta fito da shi da Hausa da Faransanci: ga abin da ya faru, duba layin sama, ga gyaransa. Ɗalibai suka daina ɗaga hannu, ni kuwa har wani ɗagawa nake.

Da tarzoma ta yi zafi, abokina ya koma Dapaong ya buɗe nasa ajin. Da hannuna na ba shi manhajar tawa a faifan disket. Ƙanwata tana aure a can, kuma tun muna yara ta fi ni kai, sai na aika mata lallai ta shiga ajin nasa.

Hanya ta daɗe ba ta biyuwa. Da ta buɗe na tafi, na tarar da ƙanwata a kasuwa tana auna gero.

"Ina karatun?" na ce.

"Yaya, ni ba ni da kan odinatar, kwamfutar nan taku. Kome na taɓa sai an kira malam. Har kunya ta ishe ni."

Ban ko sha ruwa ba na wuce ajin. Na zauna a gaban inji, na cire ɗigo da gangan. Akwatin saƙon da na zana wa manhajata ya fito, da shuɗin launinsa. Amma bayanin babu. Abin da ke ciki kawai: "Kuskure. A kira malam." Na gwada wani kuskuren, haka. Duka abokin nawa ya goge, ɗaya bayan ɗaya.

Ya shigo yana murmushi. Na nuna masa allon.

"Haba ɗan'uwa," ya ce, "in inji ya faɗa musu komai, wa zai san amfanina?"

Da sayar da aikin ya yi da sunansa, wallahi da na yafe. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba. Na fita ban yi masa sallama ba.

Da yamma na sami ƙanwata a gida, na ce ta biyo ni Sokode, sati biyu kawai, ta ga yadda abin yake a gaskiya. Na rantse mata ba laifin kanta ba ne.

Ta ci gaba da tankaɗe garinta, ba ta ɗago ba.

"Bar shi, Yaya. Kai dai kana so na ne. Ni na riga na san iyakata."