Tumunin Iya a Rumfar Ƙarafa

Gidanmu yana bakin babban kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. A shekarun tamanin, ina firamare, tsarin yammacin gidan ba ya sauyawa: a yi sallar magariba, a ci tuwo, a wanke hannu, sannan mu jikoki mu kewaye wutar da kakarmu Iya take jin ɗumi. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya naɗe ƙafa. Wanda ya yi surutu sau biyu, ɗaki zai tafi.

Akwai wata tatsuniya da ta yi sau ɗaya tak, a shekarar da kakanmu Malam Sabo ya rasu. Shi tun zamanin Turawa ya yi aiki a wata ma'aikatar gyaran injuna a Kano. Da aka rufe ta, ya dawo gida da tsofaffin kayan aiki ya kafa rumfa: injin sassaƙa ƙarfe mai tsawon gado, injin huda ƙarfe na juyawa da hannu, uwar maƙera, magagarai da sufanu. 'Ya'yansa maza uku babu wanda ya koya, ruwan kanal ya zo, kowa ya kama tumatir da alkama. Bayan sadakar arba'in, babban ɗansa Baffa Ilu ya yi magana da 'yan gwangwan su zo su auna ƙarafan a sikeli, a zuba abin da aka samu cikin gado.

Ana jibi za su zo, Iya ta ce da ni, "Maigidana, kira mini iyayenku. Ta yau da manya za a ji ta."

Suka zo suka tsuguna nesa da wuta, suna jin kunya. Iya ta ce, "To, ga wata ta taso." Muka ce, "Ta iso lafiya."

Ta ce a wani gari an yi maƙeri guda ɗaya. Ya rasu ya bar 'ya'ya uku masu tsoron cin haƙƙin juna. Suka ga guduma ba ta kai uwar maƙera nauyi ba, awartaki bai kai guduma ba. Don kada a zalunci kowa, suka hura wuta kwana bakwai, suka narkar da kayan duka ya zama dunƙule ɗaya, suka raba shi uku daidai. Gari ya yaba musu. Damina ta faɗi, garmar babban ta karye. Ya ɗauko dunƙulensa zai ƙera wata. Ya sa a wuta, babu abin da zai kama shi da shi. Ya jawo shi da itace, babu abin da zai ɗora shi a kai. Ya ɗora a dutse, babu abin bugu. Ƙarfe ga shi fal a gida uku, amma garin bai ƙara ƙera ko allura ba.

Ta tura itace cikin wuta, ta rage murya. "Kowane awartaki, da wani awartaki aka riƙe shi aka ƙera shi. Shi ma da wani. Ku yi ta bi baya, sai kun kai ga Annabi Dawuda, wanda Allah Ya tausasa wa ƙarfe a hannu. Injin da ke rumfar nan, wani inji ne ya haife shi."

Na waiwaya wajen rumfar, na ji kamar akwai mutane jere a cikinta, kowa yana miƙa wa na gabansa guduma.

Baffa Ilu ya ce, "Iya, mu ai ba narkarwa za mu yi ba."

"A'a, ɗan nan. 'Yan gwangwan ajiye su za su yi, su riƙa gaishe su da safe."

Muka ƙyalƙyale. Baffa bai yi dariya ba. Ya ce gado haƙƙin magada ne, har da ƙannensa mata, ba shi da ikon ya kyautar. Gaskiya ya faɗa, Iya ma ta ce gaskiya ne. Sannan ta ce, "Kashi ɗaya cikin takwas nawa ne. Tumunina a ba ni a ƙarfe. Gonar bakin kanal na bar muku."

A lokacin, gonar da ruwa ke shiga ba abin da ake bari ba ce.

Malamin da ya raba gado ya amince, sai Iya ta ce kyauta za ta bayar da ƙarafan, ta kafa sharuɗɗa. Na farko, mai so ya zo da ƙafarsa. Na biyu, ya yi aiki da abin a gabanta. Na uku, ya yi alkawari ba zai kai shi sikeli ba. Uwar maƙera ta tafi wajen wani maƙeri a Kura. Injin huda, wani mai gyaran keke daga Dawakin Kudu ya ɗauka. Babban injin ya kusa shekara a rumfar, ta sallami mutum huɗu. Na biyar, Garba mai gyaran injin ban ruwa a Bunkure, ya yi kwana biyu yana goge shi da mai kafin ya tayar, sannan ya sassaƙa noti ya sa mata a tafi da ɗuminsa. Ta juya shi, ta juya, ta ce, "Kawo amalanke."

Iya ta rasu ba ta da gonar kanta. Abin da 'ya'yanta suka kawo shi take ci, kuma na sha ganin ta tsaya tana kallon alkamar gonar nan. Na daɗe ina ganin ta yi asara. Sai da na girma na fara noma, injin ban ruwana ya tsaya, albasa na neman ƙonewa, aka ce ƙarfen da ya karye babu shi ko a Kano. Ɗan Garba ne ya sassaƙa mini sabo a kan injin kakana, ina tsaye. Layin manoma a bayana ya kai bakin titi. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kowa da gonarsa, kowa da iyalinsa, har na daina ƙirgawa. Ban san tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sufana ba ta hango mu duka ba.