Ranar da Na Yi wa Jirgin Ruwa Ɗaurin Tirela

Cikin duk shekarun da na yi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, a ƙasar Sin, ban taɓa mantawa da wata Larabar damina ba. Lokacin ni ne shugaban masu ɗaurin kaya a wani sito, kuma saura mako guda takardar zamana ta ƙare. Ba a sabunta ta sai mai kamfani, wanda muke kira Lawban, ya sa hannu.

Ranar aka kawo wani ƙaramin jirgin ruwa marar inji. Iska ce ke tura shi da wani babban ƙyalle mai kusurwa uku, wanda ake ɗagawa da igiya a jikin doguwar sanda. Ƙa'ida ita ce a haɗa shi, mai saye ya gani, sannan a kwance a sa a kwantena. Lawban ya nuna mini igiyoyin, ya tafi tarbo mai sayen.

Ni kuwa a kasuwar Dawanau na koyi aiki, inda duk tampol ɗin da ya yi ciki a kan tirela abin kunya ne. Na ga ƙyallen nan ya saki, na ce Sinawa ba su iya ɗauri ba. Isuhu, wani mutumin Maraɗi da ke ƙarƙashina, ya ce, "Yallaɓai, kamar da gangan aka bar mashi cikin nan."

Na ce, "Kai dai riƙe mini nan. Tun ba ka san birni ba nake ɗaure buhu."

Na taka ƙafa na ja, na ƙara ja, sai ji muka yi kyat! Ɗinkin kusurwa ya ɓarke.

Da Lawban ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba. Na tambaya ko akwai wani ƙyallen, ya ce, "Meyo," wato babu. Ya kumbura kumatunsa ya nuna mini: a cikin nan iska ke zama.

Yinin nan a tsugune na yi shi gaban wata tsohuwa mai ɗinki, ina riƙe mata gefe, gumi na zuba, gwiwoyina na ciwo. Wallahi ban taɓa jin na tsufa ba sai ranar.

Lawban ya sa hannun a ranar ƙarshe, amma Isuhu ya ba wa shugabancin. To, ku da kuka zo aikin nan bana, ku tambayi abin da igiya take yi kafin ku ja ta. Ni ban tambaya ba, shi ya sa yau ni ke ce wa Isuhu yallaɓai.